Hancin Kazar Gwamnati

Ba zan taɓa mantawa da kwana taran da na yi ina kokawa da wani akwatin katako a Gagarawa ba, ko da yake da mantuwa a hannuna take, da tuni na yi ta. 'Ya'yana sun sha jin labarin a bakin mutane, kowa da irin gishirin da yake ƙara masa, shi ya sa na ga gara in faɗe shi da bakina yadda ya faru.

Lokacin ban daɗe da gama makarantar koyon aikin gona ba aka turo ni Gagarawa a matsayin malamin gona. Shekarata ashirin da uku. Ina da babur na ofis, da gajeren wando na kaki, da biro uku jere a aljihun riga (ɗaya ne kawai yake rubutu). Shekarun da suka biyo bayan babban farin nan ne, shanu da awakin mutane da yawa sun tafi, abin da ya rage wa mata a gidaje 'yan kaji ne. Saboda haka ofishinmu na Gumel ya raba manyan jajayen zakaru don a gyara iri, sannan aka aiko mini da na'urar ƙyanƙyasar ƙwai.

Bari in kwatanta muku ita, don ku gane inda na yi ɓarnata. Akwati ne mai ƙafa huɗu, tsayinsa ya kai ƙugu, da 'yar ƙofar gilashi a gaba, da farantin waya a ciki inda ake jera ƙwai. A gefensa akwai fitilar kananzir, a saman fitilar kuma wata 'yar tukunyar tagulla da ake cika wa ruwa. Daga saman tukunyar wani bututu ya fita ya zagaye cikin akwatin, ya dawo ya shiga ta ƙasanta. In fitila ta zafafa ruwa, sai ruwan zafin ya hau ya bi bututu, ya ɗumama akwatin, ya huce, ya sauko ya koma tukunya. Ba lantarki, ba inji, ba mai tura shi. Har yau in na tuna mamaki nake yi, a ce ruwa da kansa ya yi ta zagaye kwana ashirin da ɗaya kamar an aike shi. Ni dai a allo kawai aka taɓa zana mana ita a makaranta, takardar bayaninta kuwa ta ɓace a hanya tun kafin ta iso. Amma ban gaya wa kowa haka ba.

Matan gari suka sa mata suna kazar gwamnati. Wadda ta fi kowa yarda da ni ita ce Inna Tabawa, wata dattijuwa mai tuyar ƙosai a bakin kasuwa. Mijinta ya rasu, awakinta sun mutu a farin, kaji huɗu suka rage mata. Ita ta bi gida gida tana ce wa mata su daina bar wa kajinsu ƙwai, su kawo wa malamin gona. Ita ce kuma ta fara kawowa, guda goma sha biyu a ƙwarya cikin ƙaiƙayi, kowanne ta yi masa alama da gawayi. Na tsaya a ƙofar ofis ina ce musu, "Kazarku goma sha biyu take kwanciya a kai, tawa ɗari da ashirin take ɗauka, ba ta tashi cin abinci, ba ta tsoron shaho." Suka yi ta guɗa.

Abin da ya kamata in yi shi ne in fara gwada na'urar kafin in karɓi ƙwan kowa, domin ƙwan da za a ƙyanƙyashe ba ya son ya wuce mako guda a ajiye. Na san wannan sarai, har na ci shi a jarrabawa. Amma sai da ƙoƙuna suka fara taruwa sannan na zo zuba ruwa a tukunya. Ina cikin zubawa sai na ga ruwa yana tsartuwa ta can ɗaya kusurwar. Da na duba, wani siririn bututu ne kamar tsinken tsintsiya a bayan babban bututun, ya leƙo ta murfin akwatin, bakinsa a buɗe. Nan take na ce, to ga shi nan, masu lodi sun karya wani abu a mota. Na kwance bututun gaba ɗaya, na ɗaure a bayan babur. Inna Tabawa tana bakin kaskonta ta ga fitata, har ta ɗaga mini hannu.

Maigatari na nufa, ranar kasuwa, domin kowa ya ce can ne akwai wanda ya fi iya liƙi da dalma. Sunansa Baba Ilu, mutumin Damagaram ne, wani tsoho siriri mai rumfa a bayan tashar manyan motoci, yana gyaran lagireton mota da fitilu da butoci. Ya kalli wandona da birona ya ce, "Sannu da zuwa, Mushe." (Haka mutanen ƙetaren iyaka suke kiran malamin boko. A wajenmu kuwa kun san abin da ake kira mushe. Daga baya na ga sunan bai yi nisa da ni ba.)

Na miƙa masa bututun na nuna wurin. Ya juya shi, ya shafa bakin ɓular da babban yatsa, ya sa baki ya hura.

"Mushe, wannan ba karaya ba ce. Ka ga bakinta a goge yake. Da gangan aka yi ta."

"Baba, ruwa yana fita ta nan. Inda ruwa yake fita ai yoyo ne."

"Bututun mene ne?"

Na tsuguna na zana masa a ƙasa, ga fitila, ga tukunya, ga inda ruwa yake hawa, ga inda yake dawowa. Ya daɗe yana kallon zanen, ga direbobi biyu suna jiransa. Can ya ce, "Ban taɓa ganin irinta ba. Amma a ganina wannan hancinta ne."

Na yi dariya, irin dariyar nan ta wanda ya yi boko. Na ce, "Baba, ni na karanta ta. Kai dai liƙe mini."

Ya zaro ƙarfensa daga wuta ya ɗiga dalma 'yar mitsitsiya, ba ta fi ƙwayar dawa ba. Har na ce ya ƙara, ya ce ta isa.

Washegari na mayar da bututu, na cika ruwa, ba yoyo ko ɗigo. Na yaba wa kaina, na kunna fitila. Cikin rabin awa tukunya ta yi zafin da ba a iya taɓawa. Bututun ma ya ɗauki zafi, amma kamar taƙi ɗaya kawai daga tukunyar. Daga nan gaba sanyi ƙalau kamar randa. Ma'aunin zafin da yake rataye a ciki ya kamata ya kai ɗari da uku, shi kuwa ya tsaya a tamanin ya ƙi motsi. Lokacin sanyi ne, ɗakin ma kansa ba ɗumi.

Daga nan na shiga neman mai laifi. Na fara da kananzir, na ce an gauraya shi da ruwa, na tace shi da ƙyalle sau biyu. Shiru. Na ce lagwani ne, na yanke shi, na daidaita, na sake yankewa har ya ƙare, na hau babur na je Gumel na samo sabo. Shiru. Na kwance bututun hayaƙin fitilar na kankare baƙin da ke ciki. Na ɗaga wuta sosai, tukunya ta kama tafasa tana ɓararraka, hayaƙi ya cika ofis, na fito fuska baƙi ƙirin, masu wucewa suna yi mini sannu. Na ce to ruwan rijiyarmu ne yake da nauyi, na zubar na sa wani. Na ce ƙasan ɗakin ne a karkace, na ɗora kwanon ruwa a kan akwatin ina cusa gutsattsarin katako a ƙarƙashin ƙafafu har ruwan kwanon ya kwanta daidai. Bututu dai yana nan yadda yake.

A rana ta biyar na fara zargin ma'aunin zafin kansa. Na je har Sule Tankarkar wurin wani abokina malamin asibiti na aro nasa. Don in tabbatar da cewa nawa ne mai ƙarya, na sa su duka biyun a hammata na zauna. Suka nuna abu ɗaya. Ni lafiyata ƙalau, kazar gwamnati ce ba lafiya.

Duk wannan bincike da nake yi, ko sau ɗaya tunanina bai je kan ɗigon dalmar nan ba. Ina kallonsa kullum yana ƙyalli a kan murfi, a raina kuwa shi ne kaɗai abin da na gyara daidai.

Kowace safiya in Inna Tabawa ta sauke kasko sai ta biyo da ƙosai a ganye.

"Malam, kazar taka ta kwanta?"

"Saura kaɗan, Inna."

"To. Tawa dai ta gaji da neman ƙwanta, ta tashi ta koma kiwo."

Ba ta faɗa da faɗa ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Sai ta leƙa ƙoƙunan da suke jere a gindin bango, ta juya nata ƙwan ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ta tafi.

A rana ta bakwai na zauna na rubuta wa maigidana takarda. Alhaji Bello sunansa, babban malamin gona a Gumel, mutum mai tsare gida wanda ba ya son kwana-kwana. Na cika shafi biyu, na lissafa duk abin da na gwada (ban da zuwa Maigatari, domin a ganina ba shi da alaƙa), na rufe da cewa a zo a ɗauke na'urar, ba ta da amfani.

Rana ta tara da hantsi sai ga motar ofis. Gari ya ji labari, mata suka cika ƙofa, har wakilin hakimi ya zo da mutum biyu. Alhaji ya fito daga gaba. Daga baya kuma wani siririn tsoho ya sauko a hankali, riƙe da jakar fata.

"Kafin in mayar da kayan gwamnati," in ji Alhaji, "na ce bari mai gyara mana lagireton mota ya duba. Malam Ilu, ga malamin gonarmu."

Baba Ilu ya miƙo mini hannu ya gaishe ni kamar bai taɓa ganina ba. Ni kuwa, ku ji wauta, har daɗi na ji. Na ce a raina, yawwa, ga shaida ta zo, zai gaya musu irin kulawar da na yi wa na'urar.

Ya ce in kunna fitila. Muka tsaya har tukunya ta yi zafi. Ya buɗe ƙofar gilashin ya zura hannu, yana bin bututun da bayan yatsunsa a hankali, kamar mai duba jikin yaro mai zazzaɓi. Inda zafi ya tsaya, nan hannunsa ya tsaya. Ya kara kunne a jikin katakon, ya ƙwanƙwasa bututun da farce nan da can.

"Nan akwai ruwa," ya ce. "Nan kuwa ba kowa sai iska. Ta hau sama ta zauna, ta rasa ƙofar fita, ta tare wa ruwa hanya. In kamyo, wato babbar mota, ya yi haka, sai ka ga inji yana tafasa, lagireto kuwa da sanyi."

Ya roƙi garwashi. Inna Tabawa da kanta ta je ta ɗebo daga murhunta a kasko. Ya sa ƙarfensa ya yi zafi, ya ɗora bakinsa a kan ɗigon dalmar, ya goge da tsumma. Aikin bai kai ƙiftawar ido uku ba.

Sai muka ji "fsss".

Siririyar ƙara ce, amma ɗakin ya yi tsit, kowa ya ji ta. Bayan ta sai bututun ya yi ƙugi, ƙulu-ƙulu, kamar cikin mai yunwa. Ruwan tukunya ya ja baya. Baba Ilu ya ɗauki buta ya ƙara, ya ƙara, har ɗigo ɗaya ya leƙo ta bakin 'yar ɓular ya tsaya. Sannan ya kama hannuna ya ɗora a tsakiyar bututun, wurin da na kwana tara ina taɓawa ina jin sanyi.

"Tsaya nan, Mushe. Yana zuwa."

Wallahi na ji zuwansa. Ɗumi ya taho ta cikin ƙarfen daga hagu, ya shiga ƙarƙashin tafina, ya wuce dama abinsa. Alhaji ya sa nasa hannun a gaba, shi ma ya ce, "Ikon Allah!" Wakilin hakimi ya taɓa, mata suka yi layi suna taɓawa suna salati. Ma'aunin da ya kwana tara a kwance ya fara hawa muna kallo. Mutumin nan bai taɓa ganin na'urar ba sai a zanen da na yi masa da yatsa a ƙasa, amma ya san cikinta kamar shi ya ƙera ta.

Da a nan aka tashi, da na gode wa Allah. Amma Alhaji Bello ba mai barin zance a rabi ba ne. Ya ɗauki tsumman ya dubi dalmar da ta manne a jiki.

"Wannan ba daga masana'anta ta zo ba. Sabuwa ce. Wane ne ya toshe wurin nan?"

A lokacin ne, sai a lokacin, kaina ya haɗa ɗaya da biyu.

Baba Ilu yana ɗaure jakarsa, bai ɗago ba ya ce, "Ni ne, ranka ya daɗe. Aikin hannuna ne."

"Kai, Malam Ilu? Da girmanka da saninka? Ka san ƙwan mutane nawa ke ajiye a nan?"

"Kuskure ne, ranka ya daɗe. A yi haƙuri."

Ina so in ce muku nan take na yi tsalle na faɗi gaskiya. Ban yi ba. Na tsaya ina kallon ƙasa, Alhaji yana yi wa tsohon da a haife ya haife shi faɗa a gaban mata, wata murya a cikina tana cewa, yi shiru, yanzu za a gama. Da na ɗago sai muka haɗa ido da Inna Tabawa. Ita ce ta ga fitata da bututu a bayan babur. Kallona kawai take yi, kaskon garwashi a hannunta.

"Ranka ya daɗe," na ce. Muryar da ta fito ban san ta ba, kamar ta ɗan tsako. "Ni na kai masa har Maigatari. Ya ce kada a liƙe, hancinta ne. Na ce masa ni na karanta."

Alhaji ya dube ni tun daga hula har takalmi. Ya juya ya kama hannun Baba Ilu da hannu biyu ya ba shi haƙuri. Sannan ya laluba aljihu ya zaro takardata, ya gyara tabarau, ya karanta wani layi a cikinta da ƙarfi yadda na baya ma za su ji: "Bayan cikakken bincike irin na masana, ina tabbatar wa ofis cewa duk wanda ya sa hannu a aikin wannan na'ura bai san abin da yake yi ba."

Ya ninke ta ya mayar aljihu. "To, Malam, wannan layin dai ka yi gaskiya. Zan ajiye shi a fayil ɗinka."

Wakilin hakimi ya rufe baki da hannun riga. Matan ba su rufe ba.

Kwana guda muka bar ta ta daidaita, sannan muka jera ƙwai. Kwana ashirin da ɗaya ina juya su safe da yamma, ina duba fitila, ina leƙa 'yar ɓular nan kamar mai gaida surukai. Ranar da suka cika, da sassafe bayan na dawo daga masallaci, na ji wani ɗan kuka daga cikin akwatin. Na duba ta gilashi, ba ko ɗan tsako ɗaya. Daga cikin ƙwai kukan yake fitowa. Na durƙusa a wurin. Ina kallo wani ƙwai ya motsa, ya tsage, ɗan baki ya leƙo. Kananzir ne da ruwa da katako, amma ga rai yana fasa ɓawo. Kafin azahar farantin ya cika da 'yan tsaki, mata suna turereniya a taga, wata tsohuwa tana ta faɗin "Tsarki ya tabbata ga Allah" ba ta ko numfasawa.

Waɗanda suka kawo ƙwansu daga baya sun samu sosai. Na farko farko kuwa sun tsufa a ajiye. Cikin goma sha biyun Inna Tabawa, uku ne suka fito. Na tsaya ina ta haɗa kalmomin ban haƙuri. Ta zuba 'yan ukun a ƙwarya, ta rufe da gefen zane.

"Ukun ma ai rai ne," ta ce. "In za ka sake kunnawa ka gaya mini. Amma wannan karon kai za ka jira ƙwai, ba ƙwai zai jira ka ba."

Ranar kasuwa ta gaba na koma Maigatari, da dogon wando, na tsuguna a rumfar Baba Ilu na roƙi gafara. Ya ce ba komai, shi ma da yake yaro ya taɓa ƙona wa ubangidansa lagireto sukutum. Na tambaye shi me ya sa ya ɗauki laifin. Ya ce, "Ni in an yi mini faɗa, gobe ma kamyo zai zo. Kai kuwa in matan nan suka daina yarda da kai, aikinka ya ƙare." Ya ce kuma da gangan tun farko ya ɗiga dalmar kaɗan, domin ya san za a dawo cire ta.

"To Baba, yaya aka yi ka gane hanci ne, alhali ba ka taɓa ganinta ba?"

Ya yi murmushi. "Ni ban yi lokol ba, bokon nan naku, Mushe. Amma kana shan shayi?"

"Ina sha."

"In ka koma gida ka dubi murfin butarka."

Na koma na duba. Ga ta nan, 'yar ɓula ƙarama a gefen maɗaukin murfin. Butar nan tun ina makaranta nake dafa shayi da ita safe da yamma, ban taɓa tambayar kaina me ɓular take yi a wurin ba. Allah ne dai ya rufa asiri ban lura da ita da wuri ba, da ita ma na kai an liƙe.

Na yi shekara talatin da wani abu ina aikin gona bayan wannan, na gyara famfo, na gyara injin ban ruwa. Darasin da na ɗauka bai da tsawo: in abu ya ƙi aiki kuma ina neman wanda ya lalata shi, nakan fara da tambayar wa ya taɓa shi ƙarshe. Abin takaici, har yau amsar ba ta cika canzawa ba.